Ɗakin Haya a Bayan Gari

Da yayansa ya kore shi daga gidan gado, wani tela ya samu ɗakin haya a sabuwar unguwa, inda gine-gine ke cinye gonaki. Da magariba ya koma duba wurin ba tare da dillali ba. Ko haushin kare babu. Ya tarar da wani tsoho a ƙofar gidan, zaune kan kututture.

"Baba, unguwar nan da zaman lafiya kuwa?"

"A da ke nan, ɗana. Sai kuka sare mana tsamiya, kuka zuba siminti kan 'ya'yanmu. Ga shi kai ma ka zo."

Tela zai ba da haƙuri ke nan, sai ya lura leɓen tsohon bai motsa ba. Daga bayan kunnen telan muryar take fitowa, da ɗumin numfashi.