Cocin Da Ya Bar Ganuwa

Ƙarfe tara na safiyar Talata Hajiya Wasila ta kai ƙara cewa fasfo biyu sun ɓace a gidanta da ke unguwar Al Karama, a wani birni na ƙasar Larabawa, nata da na 'yarta Mahfuza, kowanne da bizar Sifen a ciki. Jirginsu zai tashi ranar Alhamis. Idan fasfon bai fito ba, tafiyar da yarinyar ta ci a gasar makaranta ta rushe.

Insfekta Maharazu aka turo. Kakansa Bakano ne da ya zo aikin Hajji bai koma ba, shi ya sa duk ƙarar da ta shafi Hausawa ake miƙa masa.

Yana shiga falon ya ja ya tsaya. A kan teburin cin abinci akwai gari guda na kwali, ganuwa ta kewaye shi. Mahfuza, mai shekara goma sha ɗaya, ta ce Abila ke nan, tsohon birnin Sifen da za su gani. Ta nuna masa ƙofofi tara da hasumiyoyi sama da tamanin. Ya sunkuya yana dubawa har ya kusa manta abin da ya kawo shi.

Wasila ta ce a ƙarƙashin cocin garin ta ɓoye fasfon, don shi kaɗai ke ɗagowa, kuma ba wanda zai nemi takardu a cikin wasan yara. Mutum biyu ne ke shiga gidan. Akwai Louisa, 'yar Kafancan da ke haya a ɗaki ɗaya, akwai kuma Mijinyawa, ɗan uwan mijin Wasila, mai aikin kago, wato tura kaya ta jirgi, a unguwar Al Ras.

Louisa ta ce jiya tana wurin aiki har magariba. Insfekta ya buga waya otal ɗin da ta ambata, aka ce an sallame ta tun makon jiya. Ta sunkuyar da kai, ta ce kunya ce ta hana ta faɗa, kullum yawon neman aiki take fita.

Wasila ta jawo 'yarta jikinta tana hararar Louisa. Amma Mahfuza teburin take kallo.

"Umma, wa ya matsar da cocin?"

Insfekta ya tambaye ta ina ya kamata ya kasance. Ta ce a Abila bayan cocin yana cikin jikin ganuwar ne, shi ma hasumiya ne, sojoji na hawa kansa su tsare gari. Yanzu ga shi an manna shi a tsakiyar gari, an toshe gurbinsa da guntun kwali.

"Wa ya taya ki gina wannan wajen?"

"Anti Louisa. Kwana biyu muka yi kafin ya zauna."

Insfekta ya sa farce ya ɓare salatif ɗin da ke riƙe da guntun. Mai faɗi ne, ruwan ƙasa, an giciye shi kamar yadda ake ɗaure kwalin da zai hau jirgi. Sauran garin duk da gam aka haɗa shi.

Bayan azahar Mijinyawa ya zo yana share gumi. Ya ce jiya da hantsi ya buɗe gidan da mabuɗin da Hajiya ta bar masa, ya ɗauki buhunan da za ta tura gida, amma bai wuce bakin ƙofa ba.

Insfekta ya cire cocin ya miƙa masa.

"Malam Mijinyawa, garin yarinya ya lalace. Kai ne gwanin kwali, taimaka ka mayar mana da shi."

"Shuwayya ne wannan, ƙaramin aiki, ranka ya daɗe."

Ya dasa shi a tsakiyar gari, ya zaro salatif daga aljihu, ya giciye shi sau biyu.

"Me ya sa nan?"

"To ina kuma? Ko a Kano masallaci ai a cikin gari yake, ba a jikin badala ba."

"A Kano ke nan," in ji Insfekta. Ya ajiye salatif ɗin da ya ɓare kusa da sabon. Faɗinsu ɗaya, ɗaurinsu ɗaya.

Mijinyawa ya yi ta musu har aka ce za a je a buɗe shagonsa. Sai ya zauna a ƙasa. Ya ce ya ga Hajiya tana ɗaga cocin ranar Lahadi. Akwai wata mata a Al Quoz mai kama da ita, tana da 'ya, tana neman hanyar shiga Turai. Fasfon na nan a durowarsa, gobe ya shirya miƙawa.

Wasila ta ce wa Mahfuza ta shiga ɗaki ta ɗauko gam. Sai da ƙofar ta rufe sannan ta ɗaga wa Insfekta kai, aka sa wa Mijinyawa ankwa aka fita da shi.

Ta juya ga Louisa, ta riƙe hannunta, ta nemi gafararta, ta ce kuma kada ta ƙara ɓoye mata irin wannan.

Da la'asar Insfekta ya dawo da fasfo biyu. Ya tarar da Louisa tana riƙe da ganuwa, Mahfuza na cusa cocin a gurbinsa.

"Idan kin je, ki hau kansa ki ɗauko mini hoto," ya ce. "Ina so in ga ko da gaske ne."

Wasila ta karɓi fasfon, ta zura su a jakar da ke rataye a wuyanta.

"Za ta hau, yallaɓai. Amma hannunta na cikin nawa."