Muryar da Ba Ta Numfashi

Akwai wata yarinya a Bodinga, 'yar aji biyar. Ran nan bayan an tashi makaranta, ta tuna ta bar kwanon abincinta a aji. Sai ta koma.

Makarantar shiru, ba kowa. Hadari ya haɗo, gari ya yi duhu. Can ta ji magana daga ɗakin ƙarshe. Muryar da sauri take, kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Ba ta tsayawa, ba ta numfashi.

Yarinyar ta leƙa ta taga. Malam Zayyanu ne, makahon da aka ɗauka aikin ofis kwanan nan. Yana zaune shi kaɗai, ba fitila. Fuskar kwamfutarsa baƙa ƙirin. Bakinsa a rufe, amma muryar tana ta zuba, shi kuma yana gyaɗa kai.

Ta ruga gida, ko kwanon ba ta ɗauka ba.

Washegari ta gaya wa ƙawayenta, "Malam Zayyanu yana hira da aljanu." Magana ta bazu. Iyaye suka zo wurin hedimasta, aka ce Malam ya zauna gida tukuna.

Da babanta ya ji, ya kira ta. "Mi kika gani da idonki?"

Ta faɗa masa.

"To, aljanin fa?"

"Ban gan shi ba," in ji ta.

Ranar Asabar ya ɗauke ta a babur zuwa Shagari, gidan Malam. Suna shiga zaure, sai ga muryar nan. Ta riƙe rigar babanta gam.

"Matso, ɗiyata," in ji Malam Zayyanu, bayan baban ya gaya masa abin da ya kawo su. "Rubuta abin da kike so a kwamfutar nan."

Ta rubuta *ruwa*. Malam ya rage saurin muryar. Kwamfutar ta ce, "Ru-wa," kamar baƙon da ke koyon Hausa.

"Manhaja ce," in ji shi. "Tana karanta mini duk abin da ke rubuce. Ni ba na bukatar haske, kunnena ya ishe ni."

Sannan ya ce, "Na daɗe ina neman aiki. Duk inda na je, sandata ake kallo, a ce babu gurbi. Wannan ne na farko."

Hawaye ya zubo mata. "Malam, ni na faɗa. Ka yafe mini."

"Na yafe. Amma da kin yi sallama, da na nuna miki."

Ranar Litinin ta tsaya gaban dukan makaranta ta faɗi gaskiya. Malam ya dawo aikinsa, yara suka yi layi kowa yana son kwamfuta ta kira sunansa.

Tun daga ranar, in ta ga abin da ba ta gane ba, tambaya take yi kafin ta buɗe baki.