Mai Rakiyar Malam Nadabo

Ku matso kusa, ku ajiye wayoyin nan. Wannan ba tatsuniya ba ce, babu Gizo a cikinta. Haladu direba ne ya faɗa mini da bakinsa.

Haladu motar ɗaukar gawa yake ja, ta wani kamfani a birni, irin waɗanda za su yi wa mamaci wanka da likkafani su kai shi har garinsu, kai dai buga waya ne naka. Shekara shida yana wannan aiki. Ya saba har yakan ci gyaɗa yana tuƙi, rediyo a kunne.

Wata Talata da hantsi aka ba shi gawar wani dattijo, ya kai ta Tungar Maje, tafiyar awa huɗu. Ɗan mamacin ya zo bakin asibiti cikin farar shadda, waya manne a kunne.

Haladu ya ce, "Ranka ya daɗe, wa zai shiga mu tafi?"

"Kai kaɗai za ka je. Ina da taro. Ƙanen Baba zai kira ni in ga sallar ta waya, ranar sadakar uku mu zo."

Ya sa hannu a takarda ya juya. Ko bayan motar bai leƙa ba.

Rana na tsaka Haladu ya sauka daga kwalta ya kama hanyar burji. Gonaki an girbe, ba kowa. Rediyon ya yi ƙara kaɗan, ya mutu. Can gaba, gindin wata tsamiya, sai ga wani tsoho tsaye da sanda, ya ɗaga hannu.

Dokar kamfani, ba a ɗaukar fasinja. Haladu ya rantse mini bai yi niyyar tsayawa ba. Ya dai tsinci ƙafarsa a kan birki.

Tsohon ya matso jikin taga. Leɓɓansa suka motsa, suka rufe, sannan maganar ta iso.

"Wa ka ɗauko, yaro?"

"Gawa ce, Baba."

"Na sani. Sunansa?"

Haladu ya shiga lalube takarda. Shi dai lambar gawar ya riƙe, goma sha bakwai.

"Nadabo sunansa," in ji tsohon. "Wa ke rakiyarsa?"

"Ba kowa."

"To buɗe mini baya."

Haladu ya sauko ya buɗe. Yashin wurin mai laushi ne, sawun takalminsa ya fito rangaɗaɗau. Ya dubi inda tsohon ya tako. Babu sawu ko ɗaya. Da tsohon ya hau, motar ba ta ko girgiza ba.

Haladu ya koma mazauninsa ya tayar da mota. Ya ƙi kallon madubi.

Tsakaninsa da baya akwai gilashi. Ba a yi nisa ba ya fara jin magana ƙasa-ƙasa. Ya ɗauka tsohon addu'a yake yi. Da ya kasa kunne, sai ya ji muryoyi biyu ne, tsohon na tambaya, wata murya daga cikin likkafani na amsawa.

"Ina yaran?"

"Suna da uzuri."

"Ka yi fushi?"

"A'a. Hanyar ce dai ta yi mini tsawo ni kaɗai."

Gumi ya jiƙe masa riga. Sitiyari na zame masa a hannu. Ya kama Ayatul Kursiyyu, ya kai tsakiya, ta ɓace masa ɗungurungum. Ya sake farawa, ya sake maƙalewa a wuri guda. Sai muryar tsohon ta taso daga baya, a hankali, ta ɗora masa daga inda ya tsaya. Haladu ya bi ta har ƙarshe.

Da rumbunan Tungar Maje suka bayyana, aka ƙwanƙwasa gilashin sau biyu.

"Tsaya nan. Ni ba na shiga gari."

Haladu bai ji an buɗe ƙofa ba, sai ganin tsohon ya yi a jikin taga.

"Shekara hamsin Nadabo na bin makara da ƙafa, ta wanda ya sani da ta baƙo. Ina ganinsa. Irinsa ba ya tafiya shi kaɗai." Ya jingina da sandarsa. "Kai ma ka tsaya mini, zan yi maka alheri. Ranar da za a ɗauko ka, zan tsaya a bakin hanya in leƙa. In da mutum zaune kusa da kai, in bar ku ku wuce. In babu, in shiga."

Haladu ya buɗe baki zai ce ya yafe. Kafin ya furta, ba kowa a wurin.

A ƙofar gidan, dattawa na zaune a kan tabarmi suna jira. Ƙanen mamacin ya taso, ya leƙa motar, ya leƙa hanya ko wata na biye.

"Ɗana, wa ya rako shi?"

Haladu ya dubi bayan motar. Ya ce, "Ni ne, Baba."

A ƙa'ida sauke gawa zai yi ya juya. Ranar sai ya yi alwala ya shiga sahu, ya sa kafaɗa a makara har maƙabarta, ya zuba ƙasa da hannunsa. Daga nan zazzaɓi ya rufe shi, sai da ya kwana biyu a garin sannan ya sake shi.

Har yanzu yana jan motar. Amma in dangi ba su ba da mutum ko ɗaya ba, sai ya zare makulli ya zauna, ko manaja zai yi ta faɗa har la'asar. Ran da ya ba ni labarin nan, da zan tafi ya riƙe mini hannu, tafinsa sanyi ƙalau.

Ya ce, "In na riga ka, don Allah ka shiga bayan motar."

Don haka ku ji ni da kyau. In hanya ta bi da ku ta Tungar Maje da rana tsaka, kada ɗayanku ya bi ta shi kaɗai. In kuma kun ga tsoho a gindin tsamiyar nan ya ɗaga hannu, ku yi masa sallama daga nesa, kada ku bari ya san sunanku.