Wanda Ya Duba Masa Allura

A shekarar 1978 babu wanda ya kai Ɗangana sanin wutar mota a duk Madawa, in dai shi aka tambaya. Yakan ce ko ido rufe ya shafa waya, sai ta gaya masa abin da ke damunta. Amma tun da abokin aikinsa Jima ya tafi cin rani Abijan, cika bakin ya rasa mai saurare. Shi kaɗai yake shan shayi, shi kaɗai yake rufe gareji.

Alhaji Tanimu na Tamaske ya sayo wata Fijo bashe, mai buɗaɗɗen baya da rufin tamfol, daga Kwatano. Mota lafiya lau, sai dai allurar mai maƙaryaciya ce: tanki cike ta kwanta, tanki wayam ta miƙe. Ɗangana ya yini a kanta, ya sauya waya ɗaya, ya bugi ƙirji ya ce ta warke, shi da kansa zai kai ta har ƙofar gidan Alhaji.

Ya wuce Buza rana ta yi ja. Hanya jar ƙasa, duwatsu dama da hagu, ba gida ba gona. Yana gangarawa cikin wata busasshiyar ƙorama, fitila ta lumshe, inji ya yi tari ya mutu. Allura ta faɗi ƙasa warwas.

Ya fito. Ba iska. Ko kukan tsuntsu babu, sai ƙas-ƙas ɗin ƙarfe mai hucewa.

Ya zura kara cikin tanki, ya fito a jiƙe har rabi. Ashe akwai mai. Ya duba kan batir, a ɗaure. Ya ciro fizibil, wato fiyus ɗin wuta, ɗaya bayan ɗaya ya ɗaga su sama, duk da ransu. Saura wayar allura da ta taho daga tanki, a can ƙarƙashin bayan mota.

Wannan gwaji aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya kwanta ƙasa ya cire wayar ya taɓa ta a ƙarfen mota, ɗaya ya zauna a gaba ya faɗi ko allura ta tashi. Ɗangana ya san haka sarai. Duk da haka ya murɗa makulli, ya shimfiɗa buhu, ya shige ƙarƙashi da baya.

Yashi na da sauran ɗumi. Warin mai ya cika masa hanci. Ya laluba ya samo wayar, ya kankare tsatsa da wuƙa, ya taɓa. Sai bakinsa ya yi abin da ya saba yi shekara da shekaru.

“Ta tashi?”

“Ta tashi, Ɗangana.”

Muryar Jima ce, har da ɗan dushewar nan ta mai shan taba.

Duk ɗan Adar ya san ba a amsa murya a daji da almuru, balle a ja ta da zance, don wanda ya ja ta shi ya yi gayya. Amma rabon da wani ya amsa wa Ɗangana a bakin aiki an jima. Kafin tsoro ya iso, daɗi ya riga shi. Ya janye wayar, har da murmushi.

“To yanzu hwa?”

“Ta kwanta,” in ji muryar, a hankali. “Mu hau?”

Nan ya tuna inda Jima yake.

Ƙofar gaba ba ta buɗe ba. Amma kujera ta yi ƙara, kamar an gyara zama.

Sai bayan mota ya motsa. Wani ya taka ya hau. Wani ya bi shi. Kamar ranar kasuwa in mutane suna cika bashe, sai dai ba hayaniya, ba sallama. Ya juya kai ya duba ta tsakanin tayoyi. Ba ƙafa ko ɗaya a kan yashi.

Wari ya sauya. Ba mai ba ne yanzu, warin tsohuwar rijiya ne.

Mota ta fara sauka.

Tanki ya taɓa masa goshi. Ƙarfe ya danne masa ƙirji. Ya buɗe baki zai yi addu'a, numfashi ya ƙi isa.

“Ɗangana,” muryar ta ce, yanzu daf da kunnensa. “Kai ka tambaya. Kai mu gida.”

Ya cije leɓe har jini ya fito. Bai amsa ba.

Wani ya ƙara hawa.

Ya fesar da duk iskar da ke cikinsa, ya tona yashi da duga-dugansa, ya murɗa. Riga ta kama, ta yage. Fatar kafaɗa ta bi ta. Ya fito ta gefe yana rarrafe.

Bai waiwaya ba. A bayansa fitilu suka kama da kansu, inuwarsa ta miƙe gabansa a kan duwatsu, da wasu dogayen inuwoyi a gefenta, suna tafiya ba gaggawa.

Ya yi ta gudu har ya faɗa cikin garken wani makiyayi. Mutumin ya dube shi, bai tambaye shi komai ba, ya yi masa tofi ya lulluɓe shi da bargo.

Da safe aka je da mutane. Mota na nan, bayanta zaune a kan yashi, ba kaya a ciki. Murɗa makulli ɗaya ta tashi. Wani direba ne ya kai wa Alhaji ita.

Da damina Jima ya dawo, lafiyarsa ƙalau, har ya yi ƙiba. Ranar farko aka kawo wata mota mai ciwon allura. Ɗangana ya shige ƙarƙashi, Jima ya zauna gaba, ya leƙo ya ce ta tashi.

Ɗangana ya fito, ya daɗe yana kallon ƙafafun abokinsa. Washegari ya kwashe kayan aikinsa ya koma wata rumfa a bakin tasha, shi kaɗai. Jima ya bi shi yana tambayar laifin da ya yi, yana kiran sunansa daga baya. Ɗangana ya ji shi sarai, bai amsa ba.