Fuloti Uku, Ruwa Ɗaya

Ni na haƙa ramin da aka binne abin, don haka kada wani ya ce a teburin mashaya na tsinci wannan labari. Shekara ashirin da shida ina tuƙa katafila a garin nan, kuma babu aikin da nake jin kunyarsa sai wanda na yi wa Ilarie Bocsan.

Ilarie magini ne. Ya yi shekara goma sha biyar yana ɗora bulo a Italiya, ya dawo da mota mai baƙin gilashi, ya sayi tudun da ke bayan coci, inda gonar tuffa take. Ya ce benaye huɗu zai kafa, da wurin ajiye motoci.

Dokar hukumar garinmu ba ta da tsawo. Duk wanda zai rufe babban fili da kankare, sai ya haƙa tafkin da zai riƙe ruwan sama ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan, domin ƙasa tana shan ruwa, kankare kuwa turo shi yake wa na ƙasa da kai. Tafkin zai ci wurin bene guda. Ilarie ya ƙi. Da ya gano dokar ba ta hawa kan ƙaramin fili, sai ya yanka tudun gida uku: fuloti ɗaya da sunan matarsa Domnica, ɗaya da sunan ɗansa Sabin, ɗaya da sunan 'yarsa Anuta mai karatun aikin jinya. Takarda ta fita lafiya lau.

Amma ruwa bai karanta takardar ba. Ruwan farko na watan Mayu ya gangaro ja wur, ya shiga ɗakin girkin Baba Pahomie, tsohon da gidansa ke gindin tudun, wanda ya riƙe Ilarie a coci ranar baftisma. Washegari injiniyar hukuma, Otilia, ta hau tudun da takalmin roba.

"Fuloti uku ne, Injiniya," in ji Ilarie. "Ko ba a koya muku lissafi a makaranta ba?"

"An koya mana. Fuloti uku, ruwa ɗaya. In na sake ganin ɗigo ya bar wurin nan ya shiga gidan mutum, zan rufe aikin, sai ka haƙa tafki."

"To ni na ce wa sama ta zubo?"

"Kai ka ce wa ƙasa ta daina sha."

Ranar Talata da hantsi ya ce in raka shi wani wuri. Muka bi hanyar daji har tsohon gidan niƙa da rafinsa ya ƙafe tun zamanin kakanninmu. Nan Safta take. Kowa a yankin ya san sana'arta, ba mai kiran sunanta a gaban yara. Maginanmu na dā in suna son gini ya tsaya, sai su auna inuwar mutum da zare su binne a harsashi, mai inuwar kuma ba ya kai kwana arba'in. Shi ya sa kakata take hana mu ratsa wurin gini in rana ta fito. Safta ce ta ƙarshe da ta iya ɗaure zaren.

Na tsaya daga ƙofa. Ɗakin yana warin rijiya. An yi mako biyu ba ruwa, amma daɓen a jiƙe yake. Jajayen zaruruwa sun fi ɗari suna reto daga azara, kowanne da ƙulli a ƙasansa, wasu dogaye, wasu gajeru irin tsawon yara. A bango akwai hoton waliyyi, an juya fuskarsa ga bangon. Kan dutsen niƙa kuma ga tuluna a jere, bakinsu a toshe da kakin zuma.

"Inna, so nake ruwan da ya sauka a tuduna ya ɓace," in ji Ilarie.

"Ruwa ba ya ɓacewa, ɗana. Wurin kwanciya yake nema. Ka hana shi ƙasa, ka hana shi tafki. Saura mutum."

"Wane mutum?"

"Wanda ka auna. Ya tsaya a filin da ƙafarsa, rana na dukansa."

Na ɗauka Ilarie tashi zai yi. Sai na ji ya ce, "Ina son abu mai ɗorewa. Ba na biyan aiki sau biyu."

"Ban tambaye ka kuɗi ba. Mutum ƙaramin tulu ne, ruwa ɗaya mai ƙarfi yake ɗauka."

"In ya cika fa?"

"Ruwa ya koma wa mai fili."

"Mai fili," in ji shi. "Wanda sunansa ke takarda?"

"Ni ban yi boko ba. Mai fili dai."

Ta tsinko zare, ta tofa masa yawu sau uku, ta tsoma shi a tulu guda, ta miƙa masa yana ɗiga. A mota Ilarie ya yi ta dariya har yana dukan sitiyari. "Ko taku ɗaya babu da sunana a tudun nan. Na yi wa tsohuwa wayo, na yi wa hukuma wayo." Ni na san sunayen da ke takardun. Na yi shiru, domin ina son aikin.

Ranar Asabar ya gayyaci Baba Pahomie sulhu a kan tudun. Ya zuba masa barasar gida, ya ce zai yi masa kwata ta kankare kyauta, ya tsaya nan a auna. Ilarie ya durƙusa ya shimfiɗa zaren daga dugadugan tsohon har kan inuwarsa.

"Auna da kyau, yaro," in ji tsohon yana murmushi. "Kwata ce ko akwatin gawa kake mini?"

"Haba Baba, kai da za ka binne mu duka."

Tsohon ya san al'adar sarai. Bai dai taɓa zaton yaron da ya riƙe a coci zai yi masa ba. Na haƙa rami a daidai inda ya kamata tafkin ya zauna, Ilarie ya sa zaren cikin kwalba ya jefa a ramin, aka zuba kankare, bene na huɗu ya hau kai.

A watan Yuni aka kwana biyu ana tafka ruwa. Ko ɗigo bai gangaro daga tudun ba. Ruwan yana sauka kan kwalta yana shigewa kamar an zuba a yashi. Otilia ta zagaya da lema sau uku, ba ta sami abin rubutawa ba. Da rana tsaka aka tarar da Baba Pahomie a kujerarsa, tuwon masara da cuku a gabansa, kayan jikinsa a bushe, ruwa ja yana fita ta hancinsa. Likita ya rubuta ciwon huhu.

Gidajen suka sayu tun kafin a shafa fenti. Masu saye har faɗi suke, ga unguwar da ko an kwana ana ruwa ba ka jiƙa takalmi. Ilarie ya sayi gonar inabi, ya sauya wa coci rufi, aka riƙa ba shi kujerar gaba.

Da kaka, Domnica tana cikin yanka kabeji ta tuntsure a ɗakin girki, ana ruwa a waje. Aka ce zuciya ce, amma matan da suka yi mata wanka sun ce tawul shida suka matse. Shekara na zagayowa, Sabin ya tsayar da motarsa a danja ana tsawa, bai ƙara tashi ba. Gilashi a rufe, ruwa har gwiwarsa.

Ilarie ya sake ɗauka ta zuwa gidan niƙa. Wannan karon bai zauna ba.

"Kin cuce ni, tsohuwar banza."

"Na ce mai fili. Kai ka zaɓi masu filin."

"Saura 'yata, ita na bar wa gadon uwarta da na ɗan'uwanta. Ki ba ni wani zaren, in auna wani."

"Gini ɗaya, zare ɗaya. Hanya biyu ce: ka rushe benen ka haƙa tafkin, ko ka mai da fulotin yarinyar sunanka."

Rushe bene na nufin mayar wa iyali goma sha shida kuɗinsu, ya ce ba zai iya ba. Ta biyun kuwa sa hannu ne kawai. Ya kira Anuta daga makaranta, ya ce maganar haraji ce. Na kai su ofishin rajistar filaye. Yarinyar ta sa hannunta, ta miƙa masa alƙalami tana cewa, "Baba, yi sauri, kada bas ta wuce ni." Ya karɓa. Ta taga ana hango hadari ya haɗo daga kan duwatsu. Ya dube shi, ya dubi takardar, ya ce ya manta tabaransa a gida, a bari sai Litinin.

Tabaran yana aljihun rigarsa. Ina kallonsa.

Anuta ba ta kai Litinin ba. A cikin bas ɗin abin ya same ta, tsakanin mutane arba'in, kanta a kafaɗar wata baƙuwa.

Gado ya mayar masa da tudun gaba ɗaya. Daga ranar kansa ya juye. Yana bin kasuwa da takardu a ƙirji, ba takalmi, yana kama hannun mutane: "Fuloti uku kyauta, sa hannu kawai." Ba wanda ya karɓa. Ya zo ƙofata ma, na rufe. Ruwan kaka na farko ya same shi a matakalar coci, gaban mutane. A makon nan bene na huɗu ya tsage daga sama har ƙasa, aka kwashe mazauna, hukuma ta rushe shi ta haƙa tafkin.

Ku masu sayen tudu kuna neman lauyan da zai yanka muku shi, ku ji ni da kyau. Dokar nan ba don takarda aka yi ta ba, don mutumin da ke kwana a ƙasa da ku ne. Wanda ya yarda ya nutsar da maƙwabci don bene guda, ya riga ya koya wa hannunsa ƙin sa hannu ranar da 'yarsa ce a layi. Ni ma da na yi shiru don albashi, ban fi shi ba. Kwaɗayi ba ya tsayawa a inda kuka shata masa. Ku haƙa tafkin.