Rabin Giyar Baba

Ranar Litinin da safe Roser Fontrodona ta sauka rumbun ƙasa, ma'ajiyar giya ta gidansu a garin Sant Sadurní na ƙasar Sifen, ta kunna fitila, ta ga abin da ya tsinka mata zuciya. Katakon nan mai ramuka da ke can ƙurya, inda kwalaben giya mai kumfa ke soke kai ƙasa, gefensa ɗaya wayam. Ba kowace giya ba ce. Ita ce ta ƙarshe da mahaifinta ya haɗa da hannunsa kafin ya rasu, kuma ita aka ajiye don bikin 'yarta Neus ranar Asabar mai zuwa.

Roser ba mai kuka ba ce. Ta kira 'yan sanda, ta tsaya tana jira hannu a ƙugu.

Sajan Miret ya duba ƙofa. Ba a fasa ba.

"Wa ke da makulli?"

"Ni, da Quim mai juya mana kwalabe, da Arnau."

"Arnau wanne?"

"Wanda zai auri Neus. Shi ke jan motar kaya."

Aka kira Quim, tsoho mai bakin tsiya wanda ya tsufa a wannan rumbu.

"Ina kake jiya?" in ji Sajan.

"Gidan surukata, ina cin shinkafar da ta ƙone. Je ka tambaye ta, za ta ba ka saura."

"Ka taɓa waɗannan kwalaben?"

"Ni? Ina so a yanke mini hannu? Wannan katakon uwar gida kaɗai ke taɓa shi."

Arnau kuwa ya shigo yana gumi. Ya amsa cewa ya zo jiya da rana ya sauke kujerun biki, kuma maƙwabta sun ga motarsa a ƙofa. Shi kaɗai ne, ba mai shaida. Sajan ya ce ya biyo shi ofis.

"Mama, wallahi ban sauka ƙasa ba," in ji Arnau.

Neus ta tsaya a bakin matakala fuskarta ta yi fari. Kafin azahar duk garin zai ji cewa angon ya sace giyar bikinsa, kuma a garin nan magana irin wannan ba ta wankuwa. Roser ta ji haushi ya turnuƙe ta. Ta ce wa 'yarta, "Kada ki soke komai. Je ki ci gaba da shirinki."

Ta koma rumbu ita kaɗai ta tsaya gaban gefen da aka bari. A gindin kowace kwalba akwai layin alli fari, wanda ke nuna inda aka tsaya da juyi. Kullum akan murɗa kwalba kaɗan don lakar da ke ciki ta gangaro wuyan kwalbar a fitar da ita. Ranar Asabar da ta wuce ta bar layukan suna kallon sama. Ranar Lahadi ba ta sauko ba. Yanzu ga su duk sun karkata hagu, a jere, ba wadda ta zarce 'yar'uwarta.

Ta daɗe tana kallonsu. Ta so a ce idonta ne ke mata ƙarya, amma ta san wannan hannun.

Ta samu Sajan a ofis ta ce, "Tashi mu je garin Vilafranca."

"Yin me?"

"Cin abinci wurin yayana."

Oriol, yayan nata, ya bar gida tun bayan rasuwar mahaifinsu, bayan wata rigima a kan gado, ya buɗe gidan abinci. Ya rantse ba zai sake taka rumbun nan ba. Suka same shi yana goga tumatir a kan burodi.

"A'a, yau ƙanwata ce da ɗan sanda? Na ji labari. Ai na faɗa tun farko, yaron da bai san inabi ba ba a ba shi makulli."

"Yaya, yaushe rabonka da rumbu?"

"Tun jana'izar Baba."

"Makullinka na dā fa?"

"Ya ɓata tuni."

Roser ta ja kujera ta zauna, ta juya wurin Sajan.

"Ɓarawon nan ya kwashi rabi cif, ya bar rabi. Wanda ya zo don ya sayar ba ya barin rabi. Na biyu, da ya gama lodi bai gudu ba. Ya tsaya ya juya sauran kwalaben ɗaya bayan ɗaya."

"Ɓarawo ya tsaya yi miki aiki?" in ji Sajan.

"Hannunsa ne ya yi, ba shi ba. Wanda ya tashi a rumbu ba ya iya wuce kwalbar da ba a juya ba. Arnau bai iya ba, tsoron kwalba ma yake kada ta fashe masa a fuska. Quim a wani gida ya koyi aiki, dama yake murɗawa, shi ya sa ba na barinsa ya taɓa na Baba. Waɗannan hagu aka murɗa su. Baba bahago ne, kuma mutum biyu kawai ya koya wa juyi irin nasa." Ta dubi Oriol. "Ni dai ban sauka jiya ba."

Oriol ya ajiye tumatirin. Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Sajan, leƙa ɗakin ajiyarsa," in ji Roser. "Ba za ka same su a kwance ba. Kai ƙasa za ka gan su, don ba zai yarda lakar ta tashi ba."

Haka kuwa aka same su, a bayan buhunan dankali, kowace kwalba a soke cikin akwati, layin allinta na kallon inda na gida ke kallo.

"Rabona ne," in ji Oriol. "Ubana ne ni ma. Ki zuba wa baƙi giyarsa ta ƙarshe su shanye a yini ɗaya, ni ko a tambaye ni? Kuma kin bar su ranar Lahadi ba juyi! Da Baba na nan da kin sha faɗa."

Maganar ta soke ta, don akwai gaskiya a ciki, kuma tana son yayanta har yanzu. Sajan ya rage murya.

"Roser, maganar gida ce. In kin janye, sai a ce kuskure aka yi, a saki yaron shiru."

Ta san abin da shiru ke nufi. Za a saki Arnau, gari kuma ya ci gaba da nuna shi da baki har ya tsufa.

"Yaya, da ka roƙe ni, da kaina zan kawo maka su har nan. Amma ka ji an tafi da yaron, ka tsaya kana goga tumatir, har kana ƙara masa laifi."

"Roser, ni ne fa."

"Na sani. Tun a rumbu na sani." Ta miƙe ta gyara jakarta. "Sajan, rubuta sunansa, a kuma faɗa a fili. Oriol Fontrodona, sunan gida irin nawa."