Gurbin Da Ta Ƙi Ja Wa Layi

"Lamba ta bakwai," in ji Auta, ba ta ko ɗago kai daga littafin rajista ba. "Me ke tafe da kai?"

Sai wani hannu ya ajiye takarda a kan teburinta, hannun da ko cikin dubu za ta gane shi, saboda baƙar tawadar da ta zauna daram a gefen faratansa.

Ta ɗago kai da sauri.

"Mai Tawada... me kake yi a layin masu matsala?"

"Tambaya na zo yi, Autata, kamar kowa."

Murmushi ya yi, amma murmushin bai kai idonsa ba. Wata biyu ya rage aurensu, kuma tunda take da shi bai taɓa shigowa ofishin nan ba tare da ya tsokane ta ba. Yau ko gaisuwar kirki bai iya yi ba.

Shekara huɗu ke nan Auta tana sakatariya a ofishin wani dattijon lauya da ke ganin mutane kyauta duk ranar Laraba. Ta haddace abin da ke kawo su kan bencin nan. Da safiyar ranar ma wata mata ta zo tana tambaya ko saƙonnin da ta gani a wayar mijinta sun isa shaidar cin amana a kotu, wani malamin makaranta kuma ya baje takardun albashinsa yana rantsuwa an cire masa haraji sau biyu. Amma waɗanda suka fi ba ta tausayi su ne waɗanda suka tsaya wa wani ya ci bashi. Su ba sa faɗa, ba sa rantsuwa, zama kawai suke yi suna kallon ƙasa.

Irin zaman da Mai Tawada ya yi ke nan.

Ta buɗe takardar. Wasiƙar banki ce, an ba shi kwana ashirin da ɗaya ya biya, ko a ɗauke injin buga takardun da ya sa jingina. Ta duba sunan wanda ya ci bashin.

Yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

"Kai ka tsaya wa Yaya?" in ji ta. "Yaushe? Don me ba ka tambaye ni ba? Aikina ke nan fa, kullum abin da nake hana mutane ke nan..."

"Duba shafin ƙarshe."

Ta juya. A can ƙasa, inda aka rubuta shaida, ga sa hannunta nan raɗau, har da ɗan lanƙwasan da take yi a ƙarshe don gayu.

"Da ya kawo min fom ɗin na so in ce sai na yi shawara," in ji shi a hankali. "Sai na ga hannunki. Na ɗauka kin sani, kunya ce ta hana ki roƙo na da bakinki."

Nan take ta tuna. Wata takwas da suka wuce Yaya ya faɗo ofishin ana shirin tashi, yana haki, wai mota na jiransa a waje. Ya shimfiɗa mata fom ɗin da ba a cike ba, ya ce wani abokinsa ne zai tsaya masa, ita shaida kawai za ta yi. Darasin farko da Lauya ya koya mata a ofishin nan shi ne, kada ta taɓa sa hannu a takarda sai ta ɗauki rula ta ja layi a kan duk gurbin da aka bari babu rubutu. Ta yi wa baƙi hakan sau ɗari. Amma wa yake ɗauko wa yayansa rula? Ta sa hannu tana dariya, har tana ce masa in ya yi kuɗi kada ya manta da ita.

Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Lauya bai ɓoye musu komai ba da suka shiga. Ya cire tabarau ya murza ido.

"Wanda ya tsaya wa mai bashi, a idon doka shi ma mai bashi ne. Banki ba zai wahalar da kansa neman wanda ya gudu ba alhali ga ka a zaune. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi."

"Babu wata mafita, Yallaɓai?" Auta ta tambaya.

"Akwai guda. Ya kai yayanki ƙara, kotu ta sayar da abin da ya mallaka. Me ya mallaka?"

Su biyun sun san amsar. Wata biyu ke nan wayar Yaya a kashe, tun da ya ce ya tafi saro kaya. Abin da ya mallaka a duniya bai wuce kasonsa a gidan da mahaifinsu ya bari ba, gidan da take ciki ita da Mama.

Mai Tawada ya miƙe.

"Gidan da zan je ɗauko matata, shi zan sa a yi gwanjonsa? Na gode, Yallaɓai."

Da ta koma gida ta gaya wa Mama, tsohuwar ta zauna a bakin gado ta rufe fuska da mayafi.

"Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, Auta. Ɗana ne."

"Shi ma wancan ɗan wata ne, Mama."

"To ki fitar da ni titi, in hakan zai wanke ki."

Zuciyar Auta ta ƙi kwanciya. Ita ta ɓata, ita ya kamata ta gyara. Washegari ta zauna gaban kwamfuta ta buga takardar ƙarar da hannunta, tana buga sunan yayanta hawaye na ɗiga a kan madannai. Ta sa a ambulan ta nufi shagon Mai Tawada da la'asar.

Tun daga bakin ƙofa ta san ta makara. Injin a kashe yake, Ummansa na zaune a kan kujerar baƙi, kusa da ita kuma 'yar mai takarda ce a tsaye tana mata fifita da kwali. Mahaifin yarinyar ne ke kawo wa shagon takarda, ita kuma ta daɗe tana biyo kayan da ƙafarta ko da ba a aike ta ba. Ita ta ga kwafin fom ɗin a kan tebur, ta ɗauki hotonsa a waya, ta kai wa Umma har gida da fuskar tausayi.

Auta ta durƙusa.

"Ina wuni, Umma."

Umma ba ta amsa ba. Wayar ta miƙo mata saitin fuska.

"Wannan sa hannunki ne ko ba naki ba ne?"

"Nawa ne, Umma, amma..."

"Aikin lauya kike yi ko tallan ruwa?"

"Aikin lauya."

"To ke da kika san doka kika kasa faɗa wa ɗana rami ne a gabansa? Ke da yayanki kun haɗa baki."

"Umma, wallahi ba ta sani ba," Mai Tawada ya ce daga bayan injin.

"Rufe min baki. Injin nan ubanka shekara goma sha ɗaya yana tara kuɗinsa, a kansa ya rasa yatsa biyu. Shi ya bar mana, da shi na aurar da ƙannenka." Ta share ido da bakin zane. "Ka saurare ni da kyau. Muddin ka auri yarinyar nan, ban yafe maka ba."

'Yar mai takarda ta sunkuyar da kai kamar abin ya dame ta, hannunta kuwa bai fasa fifita ba.

Auta ta so a ce ƙarya aka yi mata, da ta sami abin musantawa. Abin da ya fi ciwo shi ne, duk abin da ke cikin hoton gaskiya ne.

Bayan su Umma sun fita Mai Tawada ya zo ya tsuguna a gabanta. Ta miƙa masa ambulan ɗin.

"Ka sa hannu, masoyina. Ni da Mama ma kama haya. Injin ya tsira, Umma ta huce..."

Ya zaro takardar ya karanta har ƙarshe. Sannan ya miƙe ya saka ta ƙarƙashin wuƙar yankan takarda, ya danna. Ya sake haɗawa ya danna.

"Me ya sa ka yi haka?"

"In na fitar da mahaifiyarki daga ɗakinta, da wane ido zan kalle ki a nawa ɗakin?"

"Ni na jawo maka..."

"Ba ki jawo min komai ba. Hannunki na gani na yarda, kuma ko gobe na gan shi zan yarda." Ya yi ɗan murmushi. "Sai dai zan karanta tukuna."

Ta yi dariya cikin kuka, irin dariyar da ta fi kukan ciwo.

Mai takarda ya aiko cewa zai biya bashin gaba ɗaya, a zama 'yan uwa. Kowa ya san irin 'yan uwantakar da ake nufi. Mai Tawada ya yi godiya ya ce a bar shi.

Ana gobe za a zo ɗaukar injin ya kira ta. Ta same shi ya share shi tas ya sa masa mai, kamar wanda zai miƙa amana. Ya kunna, injin ya yi ƙugi ya tofo kati guda ɗaya tak, fari mai zanen zinariya a gefe.

Katin gayyatar aurensu ne. Komai ya cika, sai wurin rana da ya bari babu rubutu.

"Aikinsa na ƙarshe ke nan," in ji shi. "Zan tafi inda aka yi min alkawarin aiki a injin wani. Uwa ba ta dawwama cikin fushi, rabin raina. Ranar da ta huce, da hannunki za ki cike gurbin nan."

"Ka san a ofishinmu ba a barin gurbi," ta ce tana share hawaye.

"Wannan dai ki bar min shi."

Ta bar masa. Ta saka katin a aljihun teburinta, ƙarƙashin hatimin ofis.

Shekara ta farko kullum sai ya kira. Ta biyu ta koma mako-mako, ba don son ya ragu ba, sai don duk hirar a wuri ɗaya take ƙarewa: Umma ba ta huce ba. Ana cikin haka Yaya ya dawo, ya yi ƙiba abinsa, ya faɗi gaban Mama yana kuka wai kasuwa ce ta juya masa baya. Mama ta yafe tun kafin ya rufe baki. Auta ta zuba masa abinci ta ajiye, ta shige ɗaki. Har yau ba ta iya haɗa ido da shi.

Sai Umma ta kwanta ciwo. Wadda ke kwana da ita a asibiti, tana mata wanki tana ba ta magani a baki, ba sai an faɗa ba, 'yar mai takarda ce. Mai haƙuri dai shi ke dafa dutse, ko da niyyarsa ba ta Allah ba ce.

Wata Laraba da hantsi wayar Auta ta yi ƙara, benci cike da mutane. Ta fita baranda.

"Autata..."

Daga yadda ya kira sunan ta gane.

"Jikin Umma ne?"

"Likita ya ce sai dai addu'a. Jiya ta riƙe hannuna ta roƙe ni abu ɗaya." "Na yi ta nema mata wata hanyar, ban samu ba."

"'Yar mai takarda?"

"Ita."

Auta ta jingina da bango. Ta daɗe tana tsoron ranar nan, ta zaci in ta zo za ta yi ihu. Sai ta ji muryarta ta fito a sanyaye.

"Ka yi mata biyayya. Ka riga ka rasa gadon mahaifinka saboda ni, ba za ka rasa albarkar mahaifiyarka ba."

"Ki yafe min."

"Kai da aka cuta kake neman yafiya?"

"Katin yana nan?"

"Yana nan."

Ba wanda ya iya yin sallama a cikinsu. Ita ta kashe wayar.

Ta wanke fuska ta koma teburinta. Ta ɗaga hatimi ta zaro katin, zinariyar gefensa ta fara dusashewa, gurbin kuwa yana nan fari fat yadda ya bar shi. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta jawo rula ta daidaita, ta ɗauki biro ta ja layi tun daga farkon gurbin har ƙarshensa, a miƙe, yadda aka koya mata.

Wata budurwa ce ta matso gaban teburin, riƙe da fom, fuskarta cike da fara'a.

"Anti, saurayina ne zai karɓi bashi, an ce in sa hannu a nan kawai."

Auta ta mayar da katin ta rufe aljihun tebur. Ta jawo mata kujera.

"Zauna, ƙanwata. Ajiye biron tukuna, mu fara daga shafin farko."